Ranar da Na Ɗora Hannun Marini a Kan Tebur

Har yau in na ga saurayi ya goge takalmi, ya ɓalle maɓalli har wuya zai tafi neman aiki, sai in ji kamar in tsayar da shi in ce ya nuna mini hannunsa. Ni da hannu aka kore ni. Kada kuma wani ya zaci zama zan yi in yi ta kukan an cuce ni. An cuce ni ɗin, amma ni ma ban fito daga ɗakin nan da bakina a rufe ba.

Mahaifina marini ne a Rano, ubansa ma marini ne. Karofinmu, wato filin da ramukan rini suke, yana bakin gari ta hanyar da ta nufi Kibiya, kuma tun kafin ka hango shi warinsa zai tare ka. Mu da muka tashi a ciki ba ma jin komai, sai baƙo ya toshe hanci sannan mu tuna. Hannun mahaifina tun daga yatsu har gwiwa baƙi ne mai ratsin shuɗi, ban taɓa ganinsa da wani launi ba. Da shi yake alwala, da shi yake cin tuwo, da shi ya riƙe ni ya kai ni elementare ranar da aka rubuta sunana.

A garinmu in an ce wane mai hannu da shuni ne, ba mu ake nufi ba, masu sa abin da muka rina ake nufi. Rawanin nan baƙi mai sheƙi da ake kira ɗan kura, bayan an tsamo shi daga rami sai an kai shi mabuga, a barbaɗa masa garin shuni, a yi ta dukansa da guduma ta itace har ya dinga ɗaukar ido. Wanda ya naɗa shi, da ya yi gumi sai ya zuba masa a goshi da wuya. Manya kuwa ba sa gogewa. So suke a gani, a san na gaske suka naɗa.

Akwai wata ɗabi'a ta mahaifina da ta daɗe tana ci mini rai. In zai gaisa da babban mutum, alhaji ko mai sarauta, sai ya janye hannunsa cikin riga ya miƙa shi a naɗe, ko ya ɓoye duka biyun ya durƙusa. Ina yaro na ɗauka ladabi ne kawai. Da na yi wayo na lura manoma ba haka suke yi ba, su dunƙule hannu suke su ɗaga a fili su yi jinjina. Ban taɓa tambayarsa ba. Ba a yi wa uba irin wannan tambaya.

Ana saura kaɗan Turawa su miƙa mulki aka ce za a gina ɗakin shan magani a ƙasarmu, za a kuma ɗauki samari a koya musu aikin malamin asibiti, su wanke miki, su yi ɗauri, su ba da maganin zazzaɓi. Ni a lokacin na gama elementare, na ƙara 'yan shekaru a birni, na dawo gida da takardata da Turancina, babu aiki. Sai na koma rami, don ba zan zauna in ci tuwon banza ba. Wannan abu ya fi komai ƙona wa mahaifina rai. Atamfa da yadin kanti sun cika kasuwa, ramuka a karofi ana ta barinsu, wasu har sun zama wurin zuba shara.

"Ni ne na ƙarshe a ramin nan," haka yake ce mini. "Kai farar riga za ka sa. Ban kai ka boko don ka dawo ka zama ni ba."

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mutumin Kibiya ne, masinja a wani ofis a birni. Yana da kaki da keke da bakin da ba ya gajiya. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka sa ni cikin waɗanda za a duba. A wancan lokacin ba mu san wata kalma intabiyu ba, cewa ake za a duba ku, kamar dai awaki. Ranar da ya kawo labarin, ko ruwa bai sha ba ya kamo hannuna ya juya shi gaba da baya.

"Tabɗi! Wannan hannun ba zai shiga gaban Bature ba."

Daga ranar mahaifina ya haramta mini karofi. Ya tura ni gonarmu ta hanyar Lausu, ya ce ko inuwata ya gani a bakin rami sai ya saɓa mini. Shuni kuwa ba ya fita da wanki, sai dai ya koɗe a hankali. Fata ce ke fara washewa, farce kuma sai ya tsiro an yanke, ya tsiro an yanke. Kullum da yamma in na dawo daga gona sai mahaifina ya ce in kawo hannu ya gani. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce saura kaɗan. Wallahi ko gero bai taɓa bi da ido haka ba.

Kawu kuma duk zuwan da zai yi sai ya zaunar da ni a zaure ya koya mini shiga. Ka cire takalmi tun daga nesa. Ka durƙusa. Kada ka kalli idon kowa. Kada ka zauna sai an ce ka zauna, in an ce ma ka ɗan yi jinkiri. Rannan sai ya gyara murya ya zama mai tambaya.

"Mece ce sana'ar ubanka?"

"Marini ne."

Ya dafe kai. "Innalillahi! Manomi! Ba shi da gona? Ba ya noma? To ina ƙaryar take?"

Na ce, "Kawu, duk Rano wa ya san shi da manomi?"

"Su waɗanda za su zo ba 'yan Rano ba ne. Kai yaro ne, ba ka san yadda ake yi ba. Asali ake dubawa. Ɗan malam ya wuce, ɗan mai unguwa ya wuce, ɗan manomi ma a lallaɓa. Amma mahauci da majemi da marini? Ba a rubuta a ko'ina ba, amma kowa ya sani."

Na juya na dubi mahaifina, ina jira ya tsawata masa. Yana zaune yana jan zaren tabarma da yatsa. Bai ɗago ba ya ce, "Ka ce manomi. Ba abin da zai ragu a jikina."

Na ce to, don ba a musu da uba a gaban baƙo, amma raina bai ce to ba.

Hannuna ya washe sarai, sai ɗan baƙi-baƙi a bakin farce, ranar dubawa ta matso, sai kurkunu ya fito wa mahaifina a ƙafa. Wanda bai ga zamanin kurkunu ba ya gode wa Allah. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, ko bayan gida sai an riƙe shi. Kafin ya kwanta kuwa ya riga ya haɗa ramuka biyu, ga su sun nuna, kumfa ta taso ta yi jaja-jaja a sama. Ramin da ya nuna ba ya jiran kowa, in ba a yi aiki da shi a kan lokaci ba ƙarfinsa tafiya yake, duk wahalar ta tashi a banza. Ga kayan fatake jibge a zaurenmu, amanar mutane, motar da za ta kai su birni kuma ranar kasuwa za ta tashi. Maƙwabtanmu na karofi sun yi iyakar ƙoƙarinsu, suna juya mana ramin safe da yamma, amma kowa yana da nasa da ya nuna, kowa kuma hannu biyu gare shi.

Na dubi kayan nan, na dubi tukunyar Inna, mahaifiyata, na dubi fararen hannuwana da aka yi ta kiwo kamar na amarya. Na ce Inna, ni zan tafi karofi. Ta ce, "Ubanka fa?" Na ce in ya tambaya ki ce ina gona. Sai ta ɗauko mini tsohuwar taguwarsa ta aiki.

Ba zan ɓoye ba, da na tsoma hannu a ramin nan wani sanyi na ji har cikin raina. In tsoma zane, in matsa, in ɗago, ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idona, in sake tsomawa. Na san sarai abin da nake yi wa kaina. Na yi ta yi har kayan suka ƙare, aka kai mabuga, mota ta tashi da su a kan lokaci, ba wanda ya zo ƙofar gidanmu ya ɗaga murya.

Mahaifina ya gane ne ranar da zazzaɓin ya sake shi, na kai masa kunu. Ya miƙo hannu zai karɓi ƙwarya, sai ya ga hannunsa da nawa launi ɗaya. Ya daɗe yana kallo.

"Kai, ka gama da ni," ya ce.

"Baba, kayan mutane ne. Rami kuma ya nuna."

"Da ka bar shi ya mutu! Rami nawa ya mutu a karofin nan, duniya ta tashi?"

Ya juya fuska bango, kunun ma bai sha ba.

Inna kuwa ta ce ba ta yarda ba. Ta zaunar da ni a tsakar gida ta haɗa lemun tsami da toka da yashi da sabulun salo, har dutsen goge kaushi sai da ta ɗauko. Ta yi ta dirza tana addu'a, ina cije baki. Fata ta saɓule a wasu wurare, jini ya tsatso, shuni yana nan daram. Ana gobe dubawa Kawu ya iso, ya gani, ya yi salati har maƙwabta suka leƙo. Da ya gama sai ya hau keke ya je ya aro mini wata babbar riga.

"Ka saki hannuwanta, kada ka naɗe a kafaɗa. Ka bar hannunka a ciki. In an ba ka littafi ka ce a ajiye a tebur, ka sunkuya ka karanta, za a ce ladabi ne."

Na ce to. Na lura dai abin da aka koya mini ke nan, daidai yadda ubana yake gaisuwa.

Wani ajin makaranta aka share aka sa tebur. Mu masu neman aikin muka taru a gindin tsamiya, daga Rano, daga Kibiya, daga Rurum, har daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, kowa ya sha wanka yana ƙamshin sabulu. Kawu ne aka tsayar a bakin ƙofa yana kiran suna. Duk wanda ya fito sai a yanyame shi, me aka tambaye ka, me aka tambaye ka. Wani dogo daga Rurum ya fito yana share gumi ya ce, "Karatu ne da lissafi, sai a ce ɗan wane ne kai. Sannan Baturen yana duba hannu da farce."

Kai, ka ga tsinke! Nan da nan kowa ya tsuguna ya tsinci kara yana sakace farce. Ni kuwa dariya ce ta kufce mini, har aka juyo ana kallona. Kawu ya sulalo ya ja ni gefe, fuskarsa ta yi fari.

"Tashi mu ce cikinka ya murɗa. A jira wani karon. Gara a ce ba ka zo ba."

Na ce, "Kawu, na zo."

"Kai wane irin taurin kai ne da kai?"

"Irin na gidanmu. Kira ni in layi ya zo."

Rana ta take, rufin kwano ya ɗauki zafi, sannan aka kira ni. Na cire takalmi, na durƙusa, na yi duk yadda aka koya mini. Mutum uku ne a bayan tebur. A tsakiya Baturen likita, ja wur, yana fifita da takarda. A hagunsa wani dattijo mai tabarau, babban malamin asibiti, shi ke tafinta. A damansa kuma wani mai sarauta da aka turo daga birni, ya sha kore, baƙar rigar nan ta manya, ya naɗa ɗan kura sabo fil, yana sheƙi. Kawu ya ce kada in kalli idon kowa, ban kuwa kalla ba, goshi na kalla. Idon ɗan marini ba ya wuce irin wannan. Gumi ya jiƙa bakin rawanin, shuni ya zubo ya ja layi a goshinsa, ya gangaro ta gefen kunne har wuya.

Aka ajiye littafin Turanci, na sunkuya na karanta. Likita ya ɗaga gira ya ce in ƙara, na ƙara. Aka ba ni lissafi na baka, na amsa. Ya tambaye ni me zan yi in an kawo yaron da ya ƙone, na faɗi abin da na sani, abin da ban sani ba na ce ban sani ba. Ya ce da dattijon nan wai Turancina yana da kyau, ya yi rubutu. Zuciyata ta fara cewa ko dai, ko dai. A wannan lokacin ina son aikin nan kamar in mutu, ba don farar riga ba, don in koma in ce da mutumin da ke kwance ya juyo daga bango.

Sai likita ya buga tebur da yatsa, ya ce hannu.

Na ji tarin Kawu daga bakin ƙofa. Na miƙe, na naɗe hannuwan babbar rigar nan a kafaɗa, ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba. Na ɗora hannuna biyu a kan teburin, a kan farin ƙyallen da aka shimfiɗa.

Likita ya matso da fuska, ya tambaya ko ciwo ne. Dattijon ya ce a'a, rini ne. Ya tambaya yana fita? Na amsa da kaina na ce yana fita in an daina, kuma ba ya shafar komai, ga ƙyallen nan a duba. Na ɗaga hannu, ƙyalle fari tas. Na juya tafin, na nuna farce, duk a yanke, babu datti ko ƙwaya ɗaya.

Mai rawani ne ya yi magana, ba da ni ba, da dattijon. "Wannan wace irin ƙazanta ce aka kawo mana? Wa zai yarda a ɗaure masa miki da wannan hannu?" Sannan ya juyo. "Kai, ɗan wane ne kai?"

"Ranka ya daɗe, ɗan marini ne ni."

"An ce mana manomi."

"Yana noma da damina kamar kowa. Amma marini ne, ubansa ma marini ne."

Ya yi wani murmushi, ya gyara zama. "To ai ka ji. Ka koma karofi, yaro, can ya dace da kai. Asibiti wurin tsabta ne. Ba a kai masa ƙazanta."

Da a kan hannuna ya tsaya, wataƙila da na haɗiye. Amma ƙazantar nan ta biyu ba hannuna ya nufa ba, na ji inda ta sauka. Ta sauka a kan mutumin da ya yi alwala da wannan launi shekara da shekaru, ya ciyar da ni da shi, ya kuma yarda a kira shi abin da ba shi ba don in wuce. Ban ɗaga murya ba, ban ma tashi daga ladabi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ƙazanta ce, ga ta nan a goshinka. Abu ɗaya ne. Mu muka sa ta a rawanin."

Allah na tuba, hannunsa ne ya ci amanarsa. Kafin ya yi tunani ya riga ya kai yatsa goshi ya shafa, ya duba. Yatsan ya fito shuɗi.

Likita ya dubi wannan ya dubi wancan, ya tambayi dattijon me na ce. Dattijon ya cire tabarau yana gogewa, ya ce wai ina godiya ne. Na ce a'a, ba haka na ce ba. Na maimaita da Turancin nan da aka gama yabo yanzu-yanzu, kalma bayan kalma. Baturen ya kalli goshin, ya kalli hannuna, leɓensa ya motsa, ya danne. Kada ka zaci ya tsaya mini. Ina! Mutumin da ke shirin haɗa kayansa ya koma ƙasarsu ba zai ɓata da mai sarauta a kan ɗan marini ba. Agogonsa ya duba, ya ce a kira na gaba.

A zamanin nan maganar da ba ta kai wannan ba ana ɗaure mutum a kanta. Na daɗe ina jira a zo a tafi da ni, ba a zo ba. Daga baya na gane dalili. Duk wanda zai kai ƙarata sai ya maimaita abin da na faɗa a gaban mutane, mutanen kuma sai sun kalli goshinsa.

Kawu ya cim mini a hanya, yana tura keke, yana huci. Ya ce na zubar masa da mutunci, na tona masa asiri, na sa an san ya yi ƙarya a kan sana'ar surukinsa. Ya ce in cire rigar mutane in ba shi. Na cire a nan bakin hanya na ba shi. Bai sake taka gidanmu ba sai ranar ɗaurin aurena. Na ji tausayinsa, har yau ina ji, don da zuciya ɗaya ya yi mini wahala. Na ba shi haƙuri a kan wahalar, ban ba shi a kan maganar ba.

Shiga ɗakin mahaifina ya fi shiga ajin nan wuya. Yana zaune ya miƙe ƙafar, an naɗe kan kurkunun a tsinke. Ya dube ni babu riga, ya gane.

"Sun gani?"

"Sun gani."

"Me ka ce musu ubanka yake yi?"

"Na ce marini."

"Na ce ka ce manomi."

"Bakina ya ƙi, Baba."

Na ba shi labarin duka, ban rage komai ba, har yatsan. Na zaci ko zai yi murmushi. Bai yi ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya ce, "Ka san tun yaushe nake jiran ranar nan? Ka ji daɗi ka faɗi magana. To ga maganar, sai ka ci." Ya ce in fita.

Aikin wani yaron Kibiya aka bai wa, mutumin kirki, ya kuma riƙe shi da amana har ya tsufa, ban taɓa jin haushinsa ba. Ni sai bayan shekaru na sami koyarwa a ajin manya na yaƙi da jahilci, inda ba wanda ya damu da launin hannun da ke riƙe da alli. Amma wannan daga baya ne. A waccan shekarar abin da na samu shi ne uba da ya daina yi mini magana. In yana son abu sai ya ce da Inna, gaya wa yaron nan kaza, ni kuwa ina zaune a gabansa. Ƙafa ta warke, ya koma karofi, ni ma na koma, bai hana ni ba, bai kuma ce sannu ba. Ramina kusa da nasa, mu wuni muna tsomawa muna ɗagowa, ba uffan. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na sha kuka a ɓoye. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

Bayan an gama girbi aka gama ginin ɗakin shan maganin, aka sa ranar buɗewa. Mai shela ya zaga gari ya ce manya za su zo daga birni, kuma tunda hanyar ta karofi za ta bi, marina su rufe ramukansu, su yi wanka, su sa riguna, su jeru a bakin hanya. Maƙwabtanmu duk suka rufe nasu da faifan kaba suka tafi shiri. Mahaifina bai rufe ba. Ya ci gaba da tsoma zanensa kamar bai ji ba. Na dube shi, na ga ba shi da niyyar tashi, ni ma na zauna.

Can sai ga motoci. Hanyar wajen karofi duk gargada ce, dole direba ya tafi a hankali. A mota ta biyu, a kujerar baya, gilashi a sauke, na hango mai rawanin nan na ranar dubawa. Shi ne dai, da wani sabon ɗan kuran. Marina sun jeru cikin rigunansu, an durƙusa, hannuwa duk sun shige ciki. Ni na miƙe tsaye, kuma ban san lokacin da na mai da nawa hannun baya ba.

Sai na ga mahaifina ya saki zanen a cikin rami. Ya dafa ƙasa ya tashi, yana ɗan ɗingisa ƙafar nan, ya taka har bakin hanya da taguwar aiki. Ya dunƙule hannuwansa biyu, jiƙe sharkaf, ya ɗaga su sama yadda ban taɓa ganin ya yi ba tun da aka haife ni. Ruwan rini yana gangarowa ta gwiwar hannu yana ɗiga a ƙasa.

"Ranka ya daɗe!" ya faɗa da ƙarfi, har na motar gaba suka waiwayo.

Mai rawani ya juyo. Ya dubi hannuwan, ya dube ni a bayansa, na ga ya gane ni.

Mahaifina bai waiwayo ba, bai kuma sauke hannu ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, kuma ba ta bakin Inna ba, da ni yake.

"Ɗaga naka."

Na ɗaga.